Maza Zalla a Buhun Halidu

Karo na uku ke nan da maganar ke iso Madam Saude tun jiya, wannan karon daga bakin maƙwabciyarta Hajjo, wadda ta tarar da ita tsaye a kan kifaffen turmi tana kokawa da ƙullin igiya a gefen rumbu. Wai gari duka ya sani: da Halidu ya raba ƙwarin nan masu kashe murzuna, tsutsar zangarniyar hatsi, matan ya kai wa surukansa na Gidan Jima, ya bar wa mutanen garinsu maza. Shi ya sa hatsin Gidan Jima ke tsaye lafiya lau, na Gidan Takawa kuwa tsutsa ke yanka masa hanya a kowace zangarniya. Wai bayan La'asar maigari zai karɓe makullin ɗakin kiwon ƙwarin daga hannunsa a ƙofar masallaci, a kuma gaya masa sunan abin da ya yi.

"Wa ya ƙirga?" in ji Madam Saude, ba ta ko juyo ba.

"Ƙirga mi?"

"Mazan da matan. Wa ya zauna ya leƙa bayan ƙwaron da bai kai ƙwayar riɗi biyu ba, har ya ce wanga namiji ne?"

Hajjo ta ce ita dai ba ta yi karatun lakwal ba, amma tana da ido, ta kuma ga gonar mijinta. Ta ƙara da cewa gara Madam ta sauko daga turmin nan, don ƙafarta ba ta 'yan mata ba ce.

Igiyar ta kwance. Ɗan buhun garara ne da bai fi tafin hannu ba. Madam Saude ta sauko da shi a hankali, ta jefa cikin faffaɗar kwalbar da ta wanke tun da asuba, ta rufe bakin da tsohon kallabi, ta ɗaure.

Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyarwa, daga Keita zuwa Buza zuwa Madawa, kafin ta ajiye alli ta dawo gidan mahaifinta. Halidu ɗan ƙanenta ne marigayi, ita ce ta fara riƙe hannunsa ya rubuta sunansa. Shekara biyu da suka wuce gari ya zaɓe shi aka tura shi horo, ya dawo da kwalabe da wani labari da mutane suka daɗe suna dariyarsa: akwai wani ɗan ƙwaro, dangin zanzaro, da ke harbin murzuna ta sandare, ya ɗora mata ƙwai, 'ya'yansa su ƙyanƙyashe su tsotse ta. Aikin da aka koya masa mai sauƙin faɗi ne. A zuba ɗan hatsi da gari a buhu, a sa tsutsotsin gari ashirin da biyar, a sa matan ƙwaron guda biyu, a ɗaure, a rataye a inuwa lokacin da hatsi ya fara fitar da kai. Bayan kwana takwas ko goma 'ya'yan su riƙa fitowa ta ƙofofin saƙar buhun, su bazu cikin gonaki. Mace ce kaɗai ke harbi, da wani ɗan tsinke a bayanta. Namiji ba ya da aikin da ya wuce bin mata. Bara abin ya yi kyau har masu dariya suka koma kiran ƙwarin sojoji. Bana buhu goma sha biyar aka rataye a gari, yau kwana goma sha biyu, murzuna kuwa sai ƙaruwa take yi.

Ta zauna a tabarma inda rana ke faɗawa, ta zura hannu ƙarƙashin kallabin ta yanke bakin buhun da reza. Ƙwarin suka fara hawa jikin kwalba suna neman haske, ƙanana, jaja-jaja masu duhu. Ta fito da madubin ƙara girma da ta taho da shi daga lakwal ɗinta ta ƙarshe, ta buɗe kaye, littafinta na rubutu, ta raba shafi gida biyu. Hajjo ta ja kujera, don ba ta son a ba ta labarin abin da ya faru a gabanta.

Ƙirgan ba zai rasa kuskure ba, tunda ƙwarin ba su tsayawa wuri ɗaya. Amma ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sau biyu, ba ta ga tsinke ko ɗaya ba. Talatin da ɗaya a gidan hagu, gidan dama wayam. Ta tashi ta je gindin itacen bedi na ƙofar gida ta kwanto buhu na biyu, ta roƙi na uku daga rumbun su Hajjo. Ashirin da shida. Arba'in. Duk maza.

"To, Madam," in ji Hajjo cikin murya mai taushi irin ta wanda ya ci nasara, "yanzu an ƙirga."

Madam Saude ta zazzage buhun farko a kan faranti, ta baza garin da tsinken tsintsiya. Tsutsotsin suna nan, sun yi baƙi sun motse, kowace da 'yan fararen gidajen saƙa a gefenta, inda 'ya'yan ƙwaron suka kwanta kafin su fito. Ta daɗe tana kallo. Da maza Halidu ya sa a buhun nan, da babu abin da zai taɓa tsutsotsin, da sun ci garinsu sun ƙoshi. An harbe su, an yi musu ƙwai. Ke nan uwaye sun shiga buhun. Waɗanda ta ƙirga 'ya'ya ne da aka haifa a ciki bayan an ɗaure baki. Ta tambayi Hajjo, ita da ta haihu tara, ko akwai wanda ya taɓa zaɓa mata abin da za ta haifa. Hajjo ta ce wannan ai ikon Allah ne. Madam ta ce to ashe mutanen gari sun ba Halidu muƙamin da ya fi na riƙon makulli.

Ta zuba na buhu ukun a kwalba ɗaya, ta sa a jaka tare da wata kwalbar da babu komai, ta yafa mayafi.

Ta sami Halidu a tsakar gidansa yana gyara ƙotar hauyar da ba ta da abin gyara. Mutum ne mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar, amma da ya ga jakar sai ya miƙe tsaye kamar ta shigo aji. Bayan gaisuwa ta gaya masa abin da ta gani, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ya ce shi ma ya gani tun shekaranjiya, ya rasa kansa. Ta tambaye shi ko akwai abin da ya yi wa buhunan Gidan Takawa wanda bai yi wa na Gidan Jima ba.

"Wallahi, Gwaggo, ban fifita su a kan garinmu ba."

Ta lura da rantsuwar. Wanda ya yi shekaru yana sauraron yara na kare kansu ya san bambancin amsa da kewaye. Ba ta matsa ba, ta ce za ta dawo.

Salima matarsa ta rako ta har zaure. Kwana uku ke nan ba ta je rijiya ba, 'yarta take aika, saboda da ta doso sai mata su fara tambayar juna ko an ji lafiyar hatsin Gidan Jima. Amma fuskarta ba ta wadda aka ci wa mutunci ba ce. Ta rage murya.

"In ma ya yi, Gwaggo, ai mahaifina ne. Shekara goma sha huɗu ina gidan nan, ko gayyar noma bai taɓa kai masa ba. Ni ban ce ya kyauta ba. Amma ban ji haushi ba."

Madam Saude ta dube ta, ta ce ta koma ciki, tuwonta na kamawa.

Ranar kasuwar Bangi ce, don haka ba ta daɗe a bakin hanya ba ta sami mota, tsohuwar buɗaɗɗiya cike da awaki da buhunan albasa. Direban ya san ta, ya sauke wani ya ba ta gaba. Hanyar ta ci ruwa, sai da maza suka sauka suka tura sau biyu. Ta riƙe jakar a cinya, tana kallon hatsi dama da hagu ya fi mutum tsawo, zangarnu sun yi bununi. A mararrabar Gidan Jima ta sauka, ta ƙarasa da ƙafa.

Malam Aƙilu, mahaifin Salima, yana zaune gindin kalgo a bakin gonarsa. Ya tarbe ta da murna, ya sa aka kawo fura, ya tambayi mutanen Gidan Takawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambayi murzunarsu, ko ita ma tana lafiya. Labarin ya riga ta isowa. Ya ce shi bai roƙi alfarma ba, buhu dai suka nema kamar kowa, amma tunda yaron nan ya tuna da su a ɓoye, to shi ma ya san abin da ya kamata, kuma dami biyar na farkon girbi na Halidu ne.

"Kada ku ga laifin ƙwaro, Madam. Shi ma ya san inda hatsi ke da daɗi."

"Hatsinku da sai an jiƙa shi kwana biyu kafin ya daku? Kawo mini buhu ɗaya, Malam, in ga sojojin naku."

Kafin buhun ya iso ya ja ta cikin gona, ya lanƙwaso wata zangarniya, ya buɗe hanyar da tsutsa ta fara ci. Tana nan a ciki, baƙa, busasshiya, da fararen gidaje shida a jikinta. Ya buɗe wata, haka. Ta uku tsutsar na raye, amma ko ya taɓa ta da tsinke ba ta motsi. Madam Saude ta yarda a ranta cewa abin yana da kyan gani.

Ta ƙirga a gindin kalgon, Malam Aƙilu da maza huɗu na leƙe ta kafaɗarta. Nan da nan ta ga bambanci. Ga tsinken nan a fili, ɗan baƙin abu a ƙarshen ciki, kuma gashin kan matan bai kai na mazan tsawo ba. Mata goma sha tara, maza goma sha huɗu. Ta rubuta, ta nemi izinin tafiya da kwalbar. Ya ce ta tafi da ita, ta sake su a gonarta, kada a ce surukai sun yi rowa.

Rana ta take tsaka lokacin da kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar ofishin noma na Bangi. Manoma sun yi layi a baranda kan maganar taki. Ta wuce su tana ba da haƙuri, babu wanda ya hana tsohuwa mai jaka da tabarau. Malamar gonar, Fiddausiya, yarinya ce siririya da ba ta wuce talatin ba, tana cin dambu a kan tarin takardu. Madam Saude ta ajiye kwalabe biyu a kan tebur, ta buɗe kayen, ta faɗi sunayen garuruwan da ranar da aka rataye buhunan. Ta ce abu ɗaya take son sani: yaya uwa za ta haifi 'ya'ya kusan ɗari ba mace ko ɗaya.

Fiddausiya ta wanke hannu, ta ɗaga kwalbar farko wajen taga, ta juya ta a hankali.

"Mama, wa ya hana uwayen waɗannan ganin namiji?"

Madam Saude ta ce ba ta gane ba. In ba su ga namiji ba, ta ina 'ya'ya suka fito? Kaza ma tana ƙwai ba zakara, amma ko ta shekara a kansa ba ya zama tsako. Abin da ta koya wa yara ke nan shekara talatin, kuma babu wanda ya taɓa dawowa ya ce ta yi masa ƙarya.

Fiddausiya ta ce gaskiya ne a kan kaza. Amma wannan ƙwaron gidansu daban. Shi da zanzaro da rina da kudan zuma da tururuwa duk dangi ɗaya ne, kuma a danginsu ƙwan da ya sami uba mace yake zama, wanda bai samu ba ya zama namiji. Uwar da ta haɗu da namiji tana ajiye abin da ta karɓa a cikinta, wani ƙwan ta ba shi, wani ta hana shi, sai ta haifi mata da maza. Wadda ba ta taɓa haɗuwa da shi ba za ta yi harbi, ta yi ƙwai, su ƙyanƙyashe lafiya, amma ko dubu ne maza ne. Shi ya sa a horo ake cewa a bar su tare kwana ɗaya ko biyu kafin a sa mata a buhu.

"Nuna mini inda aka rubuta."

Yarinyar ba ta ji haushi ba. Ta jawo wani littafi na Faransanci mai yagaggen bango, ta buɗe mata. Madam Saude ta gyara tabarau ta karanta shafin sau biyu, yatsanta na bin layi. Ta tsaya a kan sunan ƙwaron, don a saman shafin an rubuta Habrobracon, a ƙasa kuma Bracon. Ta tambaya ko ƙwari biyu ne. Fiddausiya ta ce ɗaya ne, masana ne suka daɗe suna ja-in-ja, wasu su ce gidansa ɗaki ne kawai a cikin babban gidan Bracon, wasu su ce ya isa a yanka masa nasa gida. Madam ta ce ashe ba mutanensu na ƙasar Adar kaɗai ke rigima a kan asali ba.

Ta rufe littafin, ta tambayi abin da ya kawo ta a ƙarshe: ko lokaci ya wuce. Fiddausiya ta ce hatsin shukar fari ya riga ya sha abin da zai sha. Amma wanda aka shuka a baya, bayan ruwan da ya yi jinkiri, yanzu yake fitar da kai, kuma rabin gonakin yankin irinsa ne. In aka rataye sabbin buhuna cikin kwana uku, da matan da suka haɗu da maza, za a tsira da abu mai yawa. Amma sai in daga ɗakin kiwon garin za su fito, kuma a hannun wanda ya iya. In aka kulle ɗakin mako guda ba mai ba su ruwan zuma, an gama. Fiddausiya ta so ta bi Madam, amma ta nuna layin baranda.

An yi Azahar da daɗewa kafin motar kasuwa ta sauke ta a bakin gari. Gwiwoyinta na zugi. Ba ta biya gida ba, ta nufi ɗakin kiwon, wani ɗan ɗakin ƙasa bayan injin niƙa. Ƙofa a buɗe take. Halidu na ciki yana ɗiga ruwan zuma a kan auduga, kamar wanda ke sallama da dabbobinsa.

Ta taɓa shiga ɗakin bara. Ta tuna robobin gari inda tsutsotsi ke girma, da manyan kwalabe biyu na ƙwarin. Abin da ba ta tuna ba shi ne kwandon da ke ƙarƙashin tebur. Ta jawo shi da ƙafa. Ƙananan kwalaben allura ne irin waɗanda ake zubarwa a asibiti, sun fi ɗari, an wanke su tas, kowace da toshin auduga.

"Waɗannan na mi ne?"

Ya ajiye cokalin. Ta ja benci ta zauna. Sannan ya fara, idonsa a kan kwandon.

Tun bara yake kallon ƙwarin, in ji shi. Da mace ta fito daga gidanta na saƙa, maza sun yi mata ca, wannan ya hau wannan ya sauka, ba su barinta ta ko sha zuma. Sai ya ga ai wahalar da su suke yi tun ba su fara aiki ba. Kowa ya san karsanar da ba a taɓa ba ita ta fi ƙarfi. A horo an ce a haɗa su, amma ba a ce don mi ba, ko an faɗa shi bai riƙe ba. Don haka da rani ya gwada. Ya ware gida ɗaya a kwalbar allura, mace ta fito, ya ba ta tsutsa. Ta harbe ta, ta yi ƙwai, 'ya'ya suka fito, goma sha ɗaya.

"Ke kika koya muna, Gwaggo. Kika ce kada mu yarda da magana sai mun gwada."

"Ka gwada, ka ga ta haihu. Ka duba abin da ta haifa?"

"Ban duba ba."

Da damina ta zo, ya yi kwana huɗu yana ware gidajen ɗaya ɗaya a kwalabe. Da suka fito, ya zaɓi mata talatin, manya, masu kuzari, waɗanda namiji bai taɓa kusanta ba, ya sa su a buhunan Gidan Takawa. Sauran, ƙananan mata da duk mazan, ya juye su a babbar kwalba ɗaya, suka kwana biyu a cakuɗe kafin ya sami sukuni. Mutanen Gidan Jima sun nemi buhu, ba ya iya ce wa surukinsa a'a. Sai ya ɗiba musu daga nan.

"Na ce su dai su samu abin da ya rage."

Ta gaya masa abin da ta karanta a Bangi, a taƙaice, kamar darasi. Ya saurara baki buɗe. Da ta gama ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ta bar shi ya ɗan jima, sannan ta tambaya ko babbar kwalbar na da sauran ƙwari, maza da mata tare. Ya ce tana da su, sun ma ƙaru. Tsutsotsi fa? Akwai na buhu ashirin. Ta ce to kwana uku gare shi, in makullin ya kwana a aljihunsa.

Ya ɗago. Ya roƙe ta ta ce zafi ne ya ɓata su, ko ta ce kuskure ne kawai, ta tsaya nan. Salima za ta ji. Malam Aƙilu zai ji kafin Magariba, ga motocin kasuwa na komawa. Mutumin da ke shirin aiko masa da dami.

Madam Saude ta ce zafi ɗaya ne ya bugi garuruwan biyu, kuma ko Hajjo ba za ta karɓi wannan ba. In ta ce kuskure ta yi shiru, kowa zai ce tsohuwa ta zo rufa wa ɗanta asiri, su karɓi makulli, su miƙa wa wanda bai san mace da namiji ba. Rabin magana ba za ta riƙe ƙofar ɗakin nan a buɗe ba.

"Ko ka faɗa da bakinka, ko ni in faɗa. Ɗauko kwandon."

Bayan La'asar maza suka zauna a tabarmi ƙarƙashin bedin masallaci. Mata suka taru nesa kaɗan, jikin katangar injin niƙa, kowace da ƙwaryar da ta zama dalilin fitowarta. Salima na can ƙarshe, goye da ɗanta. Maigari Yaƙubu mutum ne mai sanyin magana da ba ya son a ce a zamaninsa aka tozarta ɗan gari, amma gonarsa ce ta fi kowace shan murzuna. Ya yi addu'a, ya faɗi abin da ake faɗi, ya ce ba a hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba.

Halidu ya miƙe da kwandon a hannu. Ya ce, "Jama'a, ni dai," ya tsaya. Ya sake farawa, ya kai wajen rani da kwalbar allura, idonsa ya kai katangar injin, maganar ta ƙare. Wani daga baya ya ce in kwalabe ya zo sayarwa, kasuwa ta tashi. Aka yi dariya. Maigari ya miƙa hannu don makulli.

Madam Saude ta tako har bakin tabarma, ta tuɓe takalmi. Wani dattijo ya ce ba a saba jin mata a nan ba. Ta ce ba shawara ta kawo ba, ƙirga ne, kuma duk mai shakka ga madubi ya duba da idonsa. Maigari ya janye hannunsa ya ce ta karanta.

Ta ajiye kwalaben biyu a gabansa, ta buɗe kayen.

"Buhu uku na garin nan, ƙwaro casa'in da bakwai, duk maza. Buhu ɗaya na Gidan Jima, mata goma sha tara, maza goma sha huɗu. Wanga ƙwaro, in mace ba ta haɗu da namiji ba, maza zalla take haifa. Halidu ya ware manyan mata talatin a kwalaben nan, ya hana maza kusantar su, don shina ganin sun fi ƙarfi, ya sa a buhunanku. Ragowar da ya raina, maza da mata a cakuɗe, su ya kai wa surukansa."